Darasin Kimiyya a Sauƙaƙe: Daidaita Saukar Ruwa da Hawansa a Tankin Kifin Ado

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ruwa da bututu da kifi. A dogon hutun da ya wuce na zauna a Legas wurin wani yayana wanda sana'arsa ita ce haɗa tankunan gilashi na kifin ado, irin waɗanda ake gani a otal-otal da ofisoshi da falon masu hali. Da zan koma gida sai ya ba ni tanki guda da kayan haɗinsa, ya ce in je in gwada hannuna. Na haɗa, na kunna, ruwa yana hawa yana sauka, kowa a gida yana sam barka. Can cikin dare aka ɗauke wuta. Da asuba mahaifiyata ce ta fara taka ruwa a falo. Kafet ta jiƙe sharkaf, ruwa ya kusa kai wa soket ɗin da ke ƙasan bango. Na duba gilashi, bai tsage ba. Na duba mahaɗan bututu, babu wanda ya yi yoyo. Lissafi ne kawai ban yi ba.

Wannan lissafin ne nake so mu yi tare. Za mu ga abin da ke sa ruwan da ke sauka ya yi daidai da wanda ke hawa, da inda ya halatta a sa bawul da inda bai halatta ba, da kuma yadda ake shirya wa ranar da aka ɗauke wuta ko bututu ya toshe.

Sassan Tsarin da Sunayensu

Tsarin da muke magana a kansa tankuna biyu ne. Na sama shi ne wanda ake kallo, mai kifaye da tsirrai da duwatsu. Na ƙasa kuwa yana ɓoye cikin kabad ɗin da na saman yake zaune a kai. A cikinsa ake ajiye kayan aiki, wato soson tace datti, da duwatsu ko ƙwallayen roba inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zama suna sarrafa gubar amoniya da ke fita daga jikin kifi, sai kuma injin tura ruwa. Da farko na so in kira shi kwatami, tun da cikinsa ruwa yake gangarawa, amma ruwan kwatami ba ya dawowa, na wannan kuwa dawowa yake yi. Saboda haka za mu tsaya a kan tankin sama da tankin ƙasa. Wannan tsari ya bazu ne a shekarun 1980 tsakanin masu kiwon kifin teku a gida, musamman daga Holan da Jamus, yanzu kuma har masu kifin ruwan daɗi suna amfani da shi.

Ga yadda ruwan yake zagayawa. Inji yana tura shi ta bututun hawa zuwa tankin sama. Idan tankin ya cika, sai ruwa ya malalo ta kan wani shamaki da aka kafa a kusurwa ko a bayan tankin, ya zuba cikin akwatin malala. Daga nan sai ya bi bututun sauka, da nauyin kansa, zuwa tankin ƙasa. Shi tankin ƙasa an raba shi ɗaki-ɗaki da shamakai, ruwa yana ƙetare su ɗaya bayan ɗaya har ya isa na ƙarshe, wato ɗakin inji.

Akwai kalma ɗaya kuma da za mu yi ta haɗuwa da ita, wato zuƙo. Duk wanda ya taɓa ganin ana cire fetur daga tankin mota da tiyo ya san shi. Da zarar tiyon ya cika babu iska a ciki, kuma bakinsa na waje ya fi na ciki yin ƙasa, man zai yi ta zuba da kansa har sai iska ta shiga. A wannan tsari zuƙo yana da amfani a bututun sauka, yana kuma da haɗari a bututun hawa.

Ƙa'ida ta Farko: Inji ne Mai Yanke Hukunci

Tambayar da kowane sabon shiga yake yi ita ce, yaya zan sa ruwan da ke sauka ya yi daidai da wanda ke hawa? Mu dubi indararo a jikin soro. Indararo ba ya zubar da ruwan da bai sauka a kan rufi ba. Idan yayyafi ake yi, ɗigo-ɗigo zai zubar. Idan ruwa ya kece, shi ma sai ya kwararo. Matsala tana zuwa ne kawai idan ruwan ya fi ƙarfin indararon, ko ganye ya toshe shi, a nan ne ruwa zai kwanta a rufi har ɗaki ya yi yoyo. To, bututun sauka indararo ne, inji kuma shi ne hadari. Abin da inji ya kai sama, shi kaɗai ne zai malalo. Idan ya kai lita 1,200 a awa, lita 1,200 za su sauko. Idan aka rage shi zuwa 800, su ma masu saukowa 800 ne, ba tare da an taɓa bututun sauka ba.

Dalilin wannan daidaito shi ne tsayin ruwan da ke kan shamaki. Idan inji ya ƙara gudu, ruwan tankin sama zai ɗan ɗaga, kuma ɗagawar ce take ƙara yawan ruwan da ke ƙetarewa. Idan tsayin ruwan da ke kan shamaki ya ninka biyu, abin da ke ƙetarewa yakan kai kusan ninki uku. Ruwan zai yi ta ɗagawa har ya kai inda fita ta yi daidai da shiga, sai ya tsaya. A shamaki mai santsi mai tsawon santimita 30, lita 1,200 a awa ba ta buƙatar ruwa ya ɗaga ko da santimita ɗaya cikakkiya.

Abubuwa uku ne suke fitowa daga wannan ƙa'ida. Na ɗaya, dole ne hanyar sauka ta fi ƙarfin inji, da rata mai yawa. Shi ya sa ake yin bututun sauka ya fi na hawa faɗi. A tuna cewa idan faɗin bakin bututu ya ninka biyu, filin da ruwa zai bi ninki huɗu yake yi. Na biyu, idan bututun sauka guda ɗaya ne tak, ba a sa masa bawul. Duk ragin da za a yi, a bututun hawa ake yin sa. Na uku, kada a yi tunanin sa inji biyu, ɗaya ya kai ruwa sama ɗaya ya sauko da shi. Ko kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ba za su taɓa yin gudu ɗaya ba, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu zai yi ta taruwa har tanki ɗaya ya yi ambaliya ɗayan ya ƙafe.

Sanin Ainihin Ƙarfin Inji

Tun da inji ne mai hukunci, ya kamata mu san abin da yake bayarwa. Galibin masu wannan sana'a suna ba da shawarar ruwan tankin sama ya zagaya ta tankin ƙasa sau 3 zuwa 5 a awa, wasu kuma sukan kai har sau 10. Mu ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50. Idan muka ninka waɗannan uku muka raba da 1,000, za mu sami lita 300. Zagaye huɗu a awa ya zama lita 1,200 ke nan.

Sai dai lambar da aka rubuta a kwalin inji tana ruɗin mutane. Wannan lamba ita ce abin da injin zai tura idan babu hawa ko kaɗan. Gwargwadon nisan da ruwa zai hau, gwargwadon raguwar abin da zai isa, har a kai wani tsayi inda ko ɗigo ba ya fita. Ana auna hawan ne daga saman ruwan ɗakin inji zuwa saman ruwan tankin sama. Bugu da ƙari, kowace gwiwa da aka sa wa bututu, da tsawonsa, da matsewarsa, duk suna cin nasu rabo. Kamfanoni da yawa sukan buga jadawali a kwali ko a takardar bayani wanda ke nuna lita nawa injin ke bayarwa a kowane tsayi, kuma shi ya kamata mai saye ya duba.

Amma gani ya kori ji. A tari ruwan da ke fitowa daga bututun sauka da bokiti mai cin lita 10, a duba agogo. Idan ya cika cikin daƙiƙa 30, lita 20 ke nan a minti, wato 1,200 a awa. Idan an ga ya yi yawa, sai a rage da bawul a bututun hawa, a gaban inji. Wannan ba ya cutar da irin injunan da ake amfani da su a nan. Abin da ke cutar da inji shi ne matse bakin da yake shan ruwa, domin zai riƙa ƙara yana zafi. Wata dabara kuma ita ce a fitar da reshe daga bututun hawa wanda zai mayar da rarar ruwa cikin tankin ƙasa. Injunan zamani ma da dama suna zuwa da na'urar rage gudu da ƙara shi.

Iska da Ruwa a Bututun Sauka

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan bututu ba ya ƙara banza. Kusan duk ƙarar da ake ji, faɗa ne tsakanin iska da ruwa a hanya ɗaya. Idan ruwan kaɗan ne, yakan bi jikin bututu yana gangarawa, iska kuma tana tsakiya, babu mai takura wa wani. Idan ya ƙaru sai ya fara rufe hanyar iska, daga nan sai ɓulɓul da kumfa. Idan kuwa bututun ya cika fal babu iska ko kaɗan, ya zama zuƙo, sai shiru ya dawo, gudun ruwa kuma ya ninka.

Wani masani ɗan Italiya mai suna Evangelista Torricelli ya wallafa a shekarar 1644 cewa saurin ruwan da ke fita daga mazubi ya danganta ne da tsayin ruwan da ke bisa ƙofar fita. Bisa wannan ƙa'ida, ruwan da ya sauko mita ɗaya yana gudun kimanin mita 4.4 a daƙiƙa. A bututu mai faɗin milimita 25, wannan ya kusa lita 7,800 a awa a lissafin takarda. A zahiri gogayya da gwiwoyi suna rage shi sosai, amma duk da haka zuƙo ya fi buɗaɗɗen bututu ɗaukar ruwa nesa ba kusa ba. Hanyoyi uku ne suka yi fice wajen sasanta iska da ruwa.

Hanya ta farko ita ce ta Durso, wadda ta ci sunan Richard Durso, wani mai kiwon kifin ado a Amurka. Bututu ɗaya ne. A samansa akan sa gwiwa mai kallon ƙasa yadda bakin shigar ruwa zai nutse, can ƙoli kuma a sa murfi mai 'yar huda ta shigar iska. Nutsewar bakin tana rage ƙara, hudar kuma tana hana zuƙo kamawa. Idan hudar ta yi ƙanƙanta ko inji ya yi ƙarfi, za a ga ruwan akwatin malala yana ɗagawa a hankali, sai zuƙo ya kama ya kwashe shi farat ɗaya, bakin ya sha iska da ƙara, zuƙon ya yanke, a sake daga farko. Ƙarar takan yi kama da ta masai idan an ja ruwa. Maganinta shi ne a rage inji ko a ɗan faɗaɗa hudar. Babban raunin wannan hanya shi ne rashin madadi, domin idan bututun ya toshe, shi ke nan.

Hanya ta biyu ita ce ta Herbie, laƙabin wanda ya yaɗa ta ta intanet a shekarun 2000. Bututu biyu ne. Na farko yana aiki da cikakken zuƙo, bakinsa yana can ƙasa cikin akwatin malala, kimanin santimita 15 ƙasa da bakin na biyu. Na biyun shi ne bututun ko-ta-kwana, a buɗe yake, babu bawul a jikinsa. A nan ne kaɗai aka yarda a sa bawul a hanyar sauka, a bututun zuƙo, saboda akwai mai karɓar rara. Ana matse bawul ɗin har zuƙon ya riƙa ɗaukar abin da inji ke kawowa, ko ƙasa da shi kaɗan, ruwan akwatin ya tsaya daf da bakin bututun ko-ta-kwana, ko ya riƙa ɗan tsiyaya cikinsa. Bawul mai murɗawa sau da yawa shi ya fi dacewa. Mai hannun nan da ake juyawa sau ɗaya ya rufe ruf yana da wuyar saiti, domin ɗan motsi kaɗan yana kawo babban canji.

Mai karatu zai iya tambaya, in dai an saita bawul daidai, mene ne amfanin bututu na biyu? Amsar tana cikin ƙa'idar Torricelli. Idan saukar mita ɗaya ce, ruwan akwatin kuma ya ɗaga da santimita 10, gudun zuƙo zai ƙaru da kimanin kashi 5 cikin ɗari kawai, wato lita 60 a kan 1,200. Wannan ita ce iyakar gyaran da zuƙo zai yi wa kansa. Ganye ɗaya, ko ɗan dodon koɗi da ya maƙale a bawul, zai iya rage fiye da haka.

Hanya ta uku ita ce ta BeanAnimal, shi ma laƙabi ne, kuma ta bayyana a shekarar 2008. Bututu uku ne: na zuƙo mai bawul, da buɗaɗɗe irin na Durso mai ɗaukar 'yar rara, da na ko-ta-kwana wanda yake zama a bushe. Hikimarta tana wurin na tsakiya. Iskarsa tana shiga ne ta wani siririn tiyo da aka lanƙwaso bakinsa ya tsaya ɗan sama da ruwa. Idan na farko ya toshe ruwa ya ɗaga, bakin tiyon zai nutse, iska ta yanke, sai bututun ya rikiɗe ya zama zuƙo ya ɗauki aikin duka. Wannan hanya ta fi sauran aminci, amma tana buƙatar huda uku a gilashi da babban akwatin malala.

Idan An Ɗauke Wuta

Yanzu mu koma ga abin da ya jiƙa mana kafet. Da zarar inji ya tsaya, ruwan da ke sama da shamaki zai malalo ya ƙare, wannan ba shi da yawa. Haɗarin yana wurin bututun hawa. Cike yake da ruwa babu iska, bakinsa na sama yana cikin tanki, na ƙasa kuma yana can ƙasa. Zuƙo ke nan. Ruwa zai juyo ta cikinsa, ya ratsa injin da ya tsaya, ya yi ta zuba har sai bakin na sama ya fito fili ya sha iska.

Ga lissafin. A tanki mai tsawon 120 da faɗin 50, kowace santimita ɗaya ta zurfi lita 6 ce. Ni kuwa don kada ruwa ya riƙa fantsama, na nutsar da bakin bututun hawa har santimita 10, wato lita 60. Tankina na ƙasa tsawonsa 80 ne, faɗinsa 40, kowace santimita tana cin lita 3.2. Filin da na bari a samansa santimita 10 ne, wato lita 32. Lita 28 ke nan ba su da wurin zuwa sai falo, fiye da jarka guda mai cin 25. Da a ce na ɗaga bakin ya tsaya santimita 3 ƙasa da saman ruwa, da lita 18 ne za su dawo. Ko an haɗa da 'yan litocin da ke cikin akwatin malala da bututu, tun da kowace mita ta bututu mai faɗin milimita 25 rabin lita take ɗauka, da tankin ƙasa ya shanye su.

Akwai dabaru biyu da ake yi don rage wannan komawa. Ta ɗaya ita ce huda 'yar kafa a jikin bututun hawa, daf da ƙarƙashin saman ruwa, domin iska ta shiga da wuri ta yanke zuƙo. Ta biyu ita ce sa bawul mai hana ruwa komawa baya. Duka biyun suna taimakawa, amma ba a jingina da su. Gansakuka ko gishiri yakan toshe kafar, sai ana tsokale ta da tsinke a kai a kai. Shi kuma bawul ɗin, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma ba za a sani ba sai ranar da ake buƙatarsa. Abin dogaro shi ne bakin bututu ya kasance kusa da saman ruwa, tankin ƙasa kuma ya kasance da filin da zai ɗauke duk abin da zai dawo, kamar babu kafa babu bawul. Abin da a wasu ƙasashe tsautsayi ne na jefi-jefi, a wurinmu abin yau da gobe ne, domin ko a gida mai janareto akwai 'yan mintuna tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da shi.

Idan Hanyar Sauka ta Toshe

Wannan shi ne kishiyar na farko. Inji yana ta turawa, ruwa ba ya dawowa. Abin da zai hau sama shi ne ruwan ɗakin inji kaɗai, domin shamakai sun riƙe na sauran ɗakuna. Mu ƙaddara ɗakin yana da tsawon 20, faɗi 40, zurfin ruwa 20, wato lita 16. Idan muka raba da 6, ruwan tankin sama zai ɗaga da kusan santimita 3. Ashe ke nan dole ne a bar fiye da haka tsakanin saman ruwa da bakin gilashi. Ƙaramin ɗakin inji yana rage wannan haɗari.

Sai dai ƙaramin ɗaki yana da nasa tsada. Duk ruwan da ya bi iska, a ɗakin inji kaɗai raguwarsa take bayyana, tun da shamakai suna riƙe da tsayin ruwa a ko'ina. A wannan ɗaki kowace santimita lita 0.8 ce, saboda haka idan lita 2 suka tafi a rana, ruwan zai sauka da santimita biyu da rabi. Da hunturu ko lokacin zafi abin yakan ƙaru. Idan aka yi sake, inji zai fara shan iska, ya cika tankin sama da ƙananan kumfa, daga bisani ya ƙone. Ana cike gurbin da ruwa marar gishiri, ko da tankin na kifin teku ne, domin gishiri ba ya bin iska. Masu amfani da na'urar ƙara ruwa da kanta kuma su lura: idan bututu ya toshe, na'urar za ta ga ɗakin inji ya ragu ta yi ta ƙarawa, inji kuma yana kai wa sama. Don haka kada ma'ajiyarta ta yi girma fiye da kima.

Matakan Daidaitawa da Gwaji

1. A kashe inji, a bar duk ruwan da zai dawo ya dawo. A cika tankin ƙasa har ya rage 'yan santimitoci ya kai baki.

2. A buɗe bawul ɗin bututun zuƙo gaba ɗaya, a kunna inji, a saita gudunsa da gwajin bokiti. Daga nan kada a sake taɓa shi.

3. A riƙa matse bawul ɗin zuƙo kaɗan-kaɗan, ana jira minti biyar ko goma bayan kowace murɗawa, har ƙara ta ɗauke, ruwan akwatin malala ya tsaya daf da bakin bututun ko-ta-kwana. Gaggawa a nan ita ce take sa a yi ta wuce gona da iri.

4. A tabbatar bakin bututun zuƙo na ƙasa ya nutse da santimita 2 ko 3 kawai. Idan ya yi zurfi, iska ba za ta fita da wuri ba, zuƙo zai yi wuyar kamawa.

5. Idan kome ya lafa, a ja layi a jikin ɗakin inji daidai saman ruwa. Wannan layi shi ne iyaka, ba a ƙara ruwa ya wuce shi.

Bayan haka sai gwaji uku, mutum yana tsaye da tawul da bokiti. A kashe inji a jira minti goma sha biyar, a ga ko tankin ƙasa ya ɗauke. A sake kunnawa ba tare da taɓa bawul ba, a ga ko zuƙo zai kama da kansa cikin 'yan mintuna. Sannan a rufe bawul ɗin zuƙo ruf, a ga ko bututun ko-ta-kwana shi kaɗai zai ɗauki ruwan duka. Idan ya kasa, inji ya yi ƙarfi ko bututun ya yi ƙanƙanta. A kuma sa raga a bakin bututun zuƙo saboda ganye da dodon koɗi, a ɗaga soket daga ƙasa, a bar wayar inji ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa inji ne yake ƙayyade yawan ruwan da ke zagayawa, hanyar sauka kuma aikinta shi ne ta fi ƙarfinsa. Mun ga cewa ba a matse bututun sauka sai akwai wani a buɗe a gefensa, kuma kowane tanki cikin biyun yana buƙatar filin da zai karɓi ruwan ɗan uwansa ranar da abu ya ɓaci. Wannan ƙa'ida ce masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suke bi a gonakin da ake tace ruwa ana mayar da shi, sai dai su asararsu ta fi ta kafet. Tun ran gini ran zane. Ni dai na ɗaga bakin bututuna zuwa santimita 3, na ja layi a ɗakin inji, kuma tun daga lokacin an ɗauke wuta ba adadi falonmu yana bushe.

Jinga

1. Tankin sama yana da tsawon santimita 100 da faɗin 40, bakin bututun hawa ya nutse da santimita 5. Lita nawa za su dawo idan an ɗauke wuta? Idan tankin ƙasa yana da tsawon 60 da faɗin 35, santimita nawa ruwansa zai ɗaga?

2. Bokiti mai cin lita 10 ya cika cikin daƙiƙa 45. Lita nawa inji yake bayarwa a awa?

3. Cikin jimloli biyar na daidaitacciyar Hausa, a bayyana dalilin da ya sa ake sa bawul a bututun sauka a hanyar Herbie amma ba a sawa a hanyar Durso.